Wasiƙa Zuwa ga Tsarin Mulkin Jihar Arewa na 1963



Bayan gaisuwa irin ta jika ga kakan da bai riska ba, na rubuto maka ne domin sunanka ya ɓace daga bakin mutane, alhali gardamar da aka haife ka a cikinta tana nan da ranta. Kullum a rediyo ana musu a kan 'yan sandan jihohi, da rabon haraji, da wanda ya mallaki zinariyar Zamfara, amma da wuya a ji wani ya ambace ka. Ɗalibin shari'a ma, in aka ce masa Nijeriya ta taɓa zama da kundin tsarin mulki biyar a lokaci guda, sai ya ɗauka zolayarsa ake yi. Haka kuwa aka yi. Akwai na tarayya, akwai kai, akwai na Gabas da na Yamma, daga baya na Yamma ta Tsakiya ya zo ya cika na biyar.

Kai ka tanadar wa Arewa Gwamna da Firimiya, da majalisu biyu a Lugard Hall ta Kaduna, ta wakilai da ta sarakuna. A ƙarƙashinka take da babbar kotunta, da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, da hukumar ɗaukar ma'aikatanta. Tana da tambarinta, tana da wakilinta a Landan. Sa Kashim Ibrahim na kujerar Gwamna, Sardauna na ta Firimiya, kuma babu ɗayansu da ya hau da alfarmar Ikko.

Asalinka fushi ne, gara a faɗa tun da wuri. Ranar 31 ga Maris 1953 Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin neman mulkin kai a 1956, Sardauna ya ce a bari sai lokacin da ya dace, wakilan Arewa suka fito daga majalisa 'yan Ikko suna yi musu ihu da zagi har tashar jirgin ƙasa. A watan Mayu Kano ta kama da wuta saboda ziyarar tawagar su Akintola, aka yi kwanaki ana ɗauki-ba-daɗi tsakanin birni da Sabon Gari. Cikin wannan zafin ne majalisun Arewa suka zartar da ƙudurorin nan takwas. Wanda ya karanta su yau sai ya riƙe baki. Cewa suka yi kowace jiha ta riƙe dukkan ikonta, kada ma a yi majalisa ko gwamnati ta tsakiya, a kafa wata 'yar hukuma kawai da za ta kula da tsaron ƙasa da hulɗa da ƙasashen waje da kwastan. Haraji kuwa, in ban da na kwastan, kowace jiha ta sa nata ta karɓi abinta. Da wani gwamnan Kudu zai furta haka a bana, da mu ne za mu fara cewa so yake ya raba ƙasa.

Turawa ba su ba da duka ba. Aka zauna a Landan a 1953, aka sake zama a Ikko a farkon 1954, aka fito da tsarin da ya fara aiki ranar 1 ga Oktoba 1954. A nan aka dasa ƙa'idar da kai ka gada, bayan Arewa ta sami mulkin kai ranar 15 ga Maris 1959 da kuma 'yancin 1960. Ƙa'idar mai sauƙi ce. A rubuta jerin abubuwan da gwamnatin tarayya kaɗai za ta yi wa doka. A rubuta jeri na biyu, na haɗaka, wanda tarayya da jiha kowa na iya sa hannu, in dokokinsu suka ci karo ta tarayya ce a sama. Duk abin da ba a ambata a jerin biyu ba, na jiha ne, ba sai ta nemi izinin kowa ba.

Wanda ya tashi a gidan noma ya san wannan tun kafin ya san boko. Akwai gandu, inda 'ya'ya ke haɗuwa su yi aiki ƙarƙashin maigida, shi kuma ya ciyar, ya biya haraji, ya yi wa na aure aure. Akwai gayauna, wadda kowa ke nomawa don kansa, ya shuka abin da ya ga dama, ya sayar ba tare da an tambaye shi ba. Zaman lafiyar gidan yana ga sanin iyakar kowanne. A zamaninka gandun ƙarami ne, gayauna ce mai faɗi. Abin da ya faru bayanka shi ne gandu ya dinga cin gayauna kunya bayan kunya, har 'ya'yan suka daina ɗaukar fartanya, suka koma jiran a buɗe rumbu.

Ga lissafin, don kada a ce zancen baka ne. A 1963 jerin tarayya abu 45 ne, na haɗaka 29. Kundin 1999 ya zo da 68 a jerin tarayya. Yawan ma bai kai irin abubuwan da aka kwashe ban mamaki ba. Makamai, ƙidayar jama'a, gidajen yari, harkar ƙwadago, magunguna, ɗaukar hoton yatsa da ajiye bayanan masu laifi, rajistar sunan kasuwanci, duk a jerin haɗaka suke a zamaninka, Kaduna na da bakin magana a kansu. Aka mai da su na tarayya ita kaɗai. Shi ya sa mafi ƙarancin albashi, naira 70,000 da aka yanke a 2024, a Abuja aka yanke shi, ya hau kan Legas ya hau kan Yobe daidai wa daida, kamar aljihunsu ɗaya. Shi ya sa mai shagon ɗinki a Gumel, in yana son rajistar sunan shagonsa, hukumar tarayya zai nema.

Amma ƙarfinka na gaske ba a jeri yake ba, a baitulmali yake. Ma'adinai ko a lokacinka na tarayya ne, wannan masu kewarka kan manta da shi. Bambancin shi ne kundin tarayya na 1963 ya ce rabin kuɗin haya da na kason ma'adinai ya koma jihar da aka haƙo su, kashi 30 ya shiga asusun da jihohi ke rabawa, tarayya ta riƙe 20. Kuzar Jos ta san hanyar gida. Harajin fitar da gyaɗa da auduga da fatu da ƙiraga shi ma jihar da ta noma ko ta yi kiwo ake mayar wa. Hukumar cinikin amfanin gona ta jiha ce. Can ƙasa kuma mai unguwa da dagaci da hakimi na tara haraji da jangali su kai baitulmalin En'e, En'e ta riƙe nata ta miƙa wa Kaduna nata. Kuɗi daga ƙasa yake hawa sama. Yau daga sama yake gangarowa, kuma duk wani abin da ya lalace a tsakanin mai mulki da talaka, ni a ganina, daga wannan juyin ya samo asali.

Da waɗannan kuɗin aka kafa masaƙar Kaduna a 1957, da Bankin Arewa, da gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962, da Jami'ar Ahmadu Bello a watan Oktoba na shekarar. Jaridar New Nigerian ta fito ranar 1 ga Janairu 1966, mako biyu kafin a harbe wanda ya kafa ta. Ba na cikin masu cewa sadaka aka yi wa talaka. Hukumar ciniki ƙasa da farashin duniya take sayen gyaɗarsa, rarar ce ta zama jami'a, dalar gyaɗar Kano gumin wani ce da bai taɓa shiga aji ba. Sai dai gwamnatin da cikinta ya dogara ga manomi dole ta damu da damina. Dole ta damu da irin shuka da rigakafin shanu da hanyar da za a fito da auduga daga Funtuwa, don in manomi ya faɗi albashin minista ya faɗi. Kowa ya ci ladan kuturu, ya yi masa aski.

Doka ma a gida aka dafa ta. Da aka ga 'yanci ya matso kuma ana ta ƙorafi a kan kotunan Arewa, gwamnatin jiha ce ta gayyato masana a 1958, ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, tare da wani alƙali daga Pakistan da wani masani daga Ingila. Daga shawararsu aka tsara kundin hukunta laifuka na Arewa, aka ɗauko samfurinsa daga na Sudan, ya fara aiki a 1960. Kudu na da nata daban. Ba wanda ya ce ƙasa ta tsage don Ilori da Badun ba su hukunta ɓarawo da littafi ɗaya.

To, yanzu bari in faɗa maka abin da masu yabonka ba su cika faɗa ba, don ba zan yi maka ƙarya a kabari ba. Kundin tarayya na zamaninka ya bar wa En'e damar riƙe 'yan sandanta, 'yan doka, ga gidan yarinta, ga kotun alƙali da ta sarki. Mai sa haraji, mai kamu, mai shari'a da mai ɗauri duk gida ɗaya ne, kuma gidan na jam'iyya ɗaya ne. Tambayi tsofaffin 'yan NEPU da suka rage. An ɗaure mutane don sun yi taro ba izini, izinin kuwa a hannun abokin hamayyarsu yake. An yi wa wasu bulala a kasuwa da sunan sun zagi sarki, an ninka wa wasu haraji har suka bar gari. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri da duka ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Ƙasar Tibi ta yi bore a 1960, ta sake yi a 1964, har sai da aka tura soja. Mutanen su Joseph Tarka sun roƙi a ba su jiharsu, hukumar Willink ta zagaya a 1957 da 1958 ta ƙi, ta ce a rubuta musu haƙƙoƙin ɗan Adam a kundi ya wadatar. Mace kuwa ba ta da ƙuri'a a ƙarƙashinka, ko ta kai wa ilimi da shekaru. Sai a shekarun 1970, a hannun soja, matan Arewa suka samu.

Ga kuma girmanka. Kusan kashi uku cikin huɗu na faɗin ƙasar a hannunka yake, kujeru 174 cikin 312 na majalisar tarayya a zaɓen 1959 naka ne. Tarayyar da jiha ɗaya ta rinjayi sauran gaba ɗaya ba ta kwana da ido biyu rufe. Mutanen Kudu sun ga yadda gwamnatin tarayya ta sa dokar ta-ɓaci a Yamma a 1962 ta naɗa kantoma, suka ga an yanka Yamma an fitar da sabuwar jiha a 1963, kai kuwa ba a taɓa ka ba. Ba su manta ba.

Mutuwarka kashi biyu ce, kuma ta biyun ce ke hana ni barci. Ta farko kowa ya san ta. An kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa a juyin mulkin 15 ga Janairu 1966, soja suka dakatar da kai, sannan ranar 24 ga Mayu Janar Ironsi ya sa hannu a doka mai lamba 34 ya ce babu sauran jihohi, sai rukunin larduna da ma'aikata bai ɗaya. Arewa ta tashi tsaye, ana kiran a raba, aka zubar da jinin bayin Allah da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Ranar 29 ga Yuli aka kashe Ironsi, Gowon ya soke dokar. Har a taron tsarin mulki na watan Satumba, wakilan Arewa da neman ƙawance mai sako-sako suka shiga, kowace jiha da sojanta da 'yancin ficewa. Kwanaki kaɗan suka dawo da wata magana daban: gwamnatin tsakiya mai ƙarfi da ƙarin jihohi. Ranar 27 ga Mayu 1967 aka yanka ka gida shida. Malam Aminu Kano da Tarka ba su yi maka kuka ba, kuma ban ga laifinsu ba. Wata guda bai cika ba aka naɗa su kwamishinoni a gwamnatin Gowon.

Daga nan sai mutuwa ta biyu, wato rabon gado. 'Yan doka da gidajen yarin En'e suka koma hannun tarayya, zuwa farkon shekarun 1970 an gama haɗiye su. Dokar man fetur ta 1969 ta damƙa mai ga tarayya. Kason jihar da aka haƙo ma'adini ya sauka daga 50 zuwa 45 a 1970, zuwa 20 a 1975, ya gangara ƙasa da kashi 2 a farkon shekarun 1980, kafin kundin 1999 ya ɗaga shi zuwa 13. A 1975 tarayya ta karɓe Jami'ar Ahmadu Bello da New Nigerian. A 1976 aka shafe En'e, aka kawo ƙananan hukumomi masu fasali ɗaya daga Badagiri har Baga. A 1977 talabijin da hukumomin ciniki suka tafi, a 1978 rediyon Kaduna ya bi su. Jihohi kuma suka yi ta haihuwa, 12, 19, 21, 30, 36, kowace sabuwa ta fi uwarta rauni da buƙatar Ikko, daga baya Abuja.

Dubi hannuwan da suka sa hannu a kan yawancin waɗannan dokoki. Gowon, Murtala, Obasanjo, Babangida, Abacha, har Abdulsalami da ya ba mu kundin 1999 a matsayin dokar soja mai lamba 24. In ka cire Obasanjo, duk 'ya'yan lardunanka ne. Abin da aka kashe Ironsi a kansa, mun aiwatar da fiye da rabinsa da hannunmu, sannu a hankali, ba wanda ya fito titi. Soja bai san wata tarayya ba, umarni ya sani daga sama zuwa ƙasa, gwamnan jiha a wurinsa ƙaramin hafsa ne da aka tura aiki. Amma kada mu ɗora wa kaki duka. Farar hula ne suka zauna a kwamitin su Rotimi Williams suka tsara kundin 1979, su ma tsakiya suka ƙarfafa, suna tsoron kada a sake yaƙin basasa. Wannan tsoron gaskiya ne. Akwai kuma dalili na biyu da ba a cika furtawa ba. Kuɗin mai ya yi tashin gwauron zabo bayan 1973, fari da cuta suka kashe gyaɗa, sai lissafi ya nuna wa manyanmu cewa babban asusu a tsakiya, wanda ake rabawa da yawan jama'a da yawan jihohi da ƙananan hukumomi, ya fi mana riba. Dama zuciya biyu gare mu tun farko, don a taron Badun na 1950 wakilan Arewa rabon kuɗi bisa yawan kawuna suka nema. Ta 1950 ce ta ci ta 1953.

Bari in ba ka labarin yadda gida yake yanzu. Sashe na 214 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce a Nijeriya, ba za a kafa wata ba. Sashe na 215 ya yarda gwamna ya ba kwamishinan 'yan sandan jiharsa umarni, amma ya ba kwamishinan damar cewa a dakata sai an ji daga Shugaban Ƙasa. Ana kiran gwamna babban jami'in tsaron jiha, ga shi ko kurtu ba zai iya sauya wa wurin aiki ba. A 2018 gwamnan Zamfara na lokacin, Abdul'aziz Yari, ya fito fili ya ce ya ajiye wannan laƙabi tunda ba shi da iko da masu bindiga. An yi masa ca, amma a kan wannan gaɓar kundi na bayansa. Ɓarayin daji sun tashi garuruwa a Zurmi da Batsari da Birnin Gwari da Sabon Birni, suna sa wa manoma harajin noma da na girbi. Harajin da Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke a 1979 ya dawo, sai dai mai karɓarsa yanzu a daji yake kwana. Katsina ta kafa dakarun tsaron al'umma a 2023, Zamfara ta kafa Askarawa a 2024, kamar yadda jihohin Yarabawa suka kafa Amotekun a 2020. Dukkansu raɓe-raɓe suke a gefen doka, ba a kiran su 'yan sanda, kuma irin makamin da za su riƙe sai abin da tarayya ta yarda, alhali wanda za su tunkara bai nemi lasin kowa ba.

Zinariyar da ke ƙarƙashin gonakin Anka da Bukkuyum ma haka. Ƙasar a hannun gwamna take bisa dokar mallakar ƙasa ta 1978, abin da ke cikinta kuwa na tarayya ne, Abuja ke ba da lasin. Da gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a 2010, jiha ce ta yi jana'iza. Da aka ga dama a 2019, daga Abuja aka hana haƙar.

Kuɗi kuwa, duk wata kwamishinonin kuɗi na jihohi 36 kan hallara a raba: tarayya kashi 52.68, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 774 su ɗauki 20.60. Yawancin jihohinmu ba za su iya biyan albashi da abin da suke tarawa a gida ba. Da aka kawo ƙudurin gyaran haraji a 2024, aka ce a ƙara kason da ke komawa inda aka samo harajin kayayyaki, gwamnonin Arewa suka taru a Kaduna a watan Oktoba suka ce ba su yarda ba. Suna da hujjojinsu, wasu ma masu ƙarfi. Ni dai abin da ya tsaya mini shi ne garin da suka zauna. A garin ne kakanninsu suka ce kowa ya karɓi harajinsa ya riƙe.

Kada ka ɗauka na zo ne in wanke gwamnoni. Ƙa'idarka ta ragowa ba ta mutu ba, tana nan a sashe na 4, kuma abin da ta bar wa jihohi ba kaɗan ba ne. Makarantar firamare, asibitin karkara, ruwan sha, hanyar ƙauye, filaye, kasuwanni, sarauta, kotunan jiha da yawancin dokokin laifuka, duk jiha na da hannu dumu-dumu a cikinsu. In gwamna na so, ya san ikonsa sarai. Da wannan ƙofar Ahmad Sani Yariman Bakura ya shigo da shari'ar Musulunci a Zamfara a 1999, jihohi goma sha ɗaya suka bi, Abuja ta yi gunaguni ta haƙura. Da ita aka raba masarautar Kano gida biyar a 2019, aka tuɓe sarki a 2020, aka soke rabon a 2024 aka mai da shi. Wannan kam ba baƙon abu ba ne a wurinka, a 1963 gwamnatinka ce ta sa Sarki Sanusi na Ɗaya ya yi murabus ya koma Azare. Bambancin shi ne a lokacinka mai doka shi ke da ɗan doka, magana ta ƙare a kwana ɗaya, ko da zalunci ko da adalci. A 2024 jiha ke da doka, tarayya ke da masu bindiga, sai Kano ta wayi gari da sarki a Gidan Rumfa da wani a gidan Nasarawa, kowa da masu gadinsa.

Amma wane sashe ne ya hana gwamna rufa kwano a ajin da yara ke zaune a ƙasa? Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta ware kuɗin da jiha za ta karɓa in ta ajiye kwatankwacinsa, kuɗin kan yi shekaru a asusu wasu jihohin ba su je sun ɗauka ba. A watan Maris 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a gyaran da ya mai da jiragen ƙasa da gidajen yari jerin haɗaka, ya kuma buɗe wa jihohi harkar lantarki gaba ɗaya. An dawo mana da wani yanki na gadonka ke nan, ban ga ana rububinsa a nan Arewa kamar yadda ake rububin kason wata ba. Abin da gwamnoni ke kuka Abuja na yi musu kuwa, shi suke yi wa ƙananan hukumomi ta asusun haɗin gwiwa, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli 2024 cewa a riƙa tura musu kuɗinsu kai tsaye, a daina naɗa musu kantomomi. Tsarin da muke ciki ya yi wa mai mulki daɗi ta wannan fuskar: an raba iko yadda kowa ke da wanda zai nuna da yatsa. Shugaban ƙaramar hukuma ya ce gwamna ne, gwamna ya ce Abuja ce, Abuja ta ce ai ta turo kuɗi. A zamaninka talaka ya sha wuya, amma ya san ƙofar gidan wanda ya cuce shi, shi ya sa NEPU ta san inda za ta kai ƙara da inda za ta kai zanga-zanga.

Ba ina roƙon ka dawo ba ne. Binuwai da Filato da kudancin Kaduna ba za su sake karɓar umarni daga Lugard Hall ba, Kano da Borno ma da suka ɗanɗani gidan gwamnati nasu ba za su mayar ba. Abin da nake so mu ɗauko daga wurinka shi ne haɗa iko da alhaki a wuri ɗaya, mu bar maka 'yan dokarka. Mun daɗe muna jin kalmar sake fasalin ƙasa muna ɗaure fuska, kamar da mu ake, alhali gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Taron ƙasa na 2014 ƙarƙashin Mai Shari'a Idris Kutigi ya ba da shawarar 'yan sandan jihohi, kwamitin jam'iyyar APC da Nasiru el-Rufa'i ya jagoranta ya maimaita a 2018. Gwamnonin Arewa da suka ƙi abin a 2012, su da sarakuna suka dawo suna nemansa a 2022, bayan wuta ta iso gemu.

In za a yi, tarihinka ne ya kamata a shimfiɗa a kan tebur. Kada gwamna shi kaɗai ya naɗa shugaban rundunar ko ya tuɓe shi. Kuɗinta ya fito kai tsaye daga asusun jiha, kada ya bi ta ofishin gwamna. A cire hannunta daga harkar zaɓe da ba da izinin taron siyasa, don a nan ne 'yan doka suka fi ɓarna. A bar wa kotun tarayya ƙofa a buɗe ga duk wanda aka kama don ra'ayinsa ko addininsa ko ƙabilarsa. Jihar da ba ta iya biyan malaman firamare kuma a tambaye ta da me za ta biya mai riƙe da bindiga, wanda ke nufin maganar 'yan sanda ba ta rabuwa da maganar kashi 52.68.

Sashe na 9 ya ce ba a gyara kundi sai da kashi biyu cikin uku na Majalisar Dattawa da na ta Wakilai, da amincewar majalisun jihohi 24 cikin 36. Kudu duka 17 gare ta, ko ta haɗa kai ba ta isa ba sai ta sami bakwai daga cikinmu. Ƙasar da ka mulka kuwa majalisu 19 ce yau, biyar kawai take nema daga waje.

Wassalam,
Ɗaya daga cikin jikokinka.